Hannun da Nake Cin Tuwo da Shi

Ƙurajen sun fara ne a bayan hannuna na dama, 'yan ƙanana kamar cizon sauro. Na sosa suka fashe, suka yi ɓawo, ɓawon ya faɗi wasu suka fito a gefensu. Kafin damina ta zagayo sun haura wuyan hannu sun nufi gwiwa. Ba su da wani zafi na a zo a gani, sai ƙaiƙayi, da ɗan ruwa mai danƙo da ke manne wa hannun riga. Ni tela ne, shagona yana unguwar Dichemso, saboda haka maganin farko da na yi musu na sana'a ne: na daina ɗinka wa kaina riga mai gajeren hannu.

Na je asibiti, kada wani ya ce ban je ba. An kankare ɓawon an kai ɗakin gwaji, an ɗebi jinina, an tambaye ni ko ina taɓa siminti, ko ina kiwon kyanwa, ko na canza sabulu. Likitar, wata yarinya mai haƙuri sa'ar 'yata, ta gaya mini gaskiya. Ba su ga abin da za su kama su ce shi ne ba, amma ba ta ga alamar cuta ce mai yaɗuwa ba. Ta rubuta mini man shafawa. In na shafa su lafa, in man ya ƙare su dawo har da baƙi. Haka muka yi shekaru ni da su, har na gaji da tambayar sunansu.

Abin da nake so a gane shi ne, duk tsawon shekarun nan ina cin tuwo da mutane.

Muna da ciyayya a ƙofar gidan Alhaji, a cikin Zongo, tsakanin magariba da lisha. Alhaji abokina ne tun muna riƙe allo ɗaya, yanzu yana sayar da kayan gyaran mota. Matan gidajenmu suna karɓa-karɓa, yau wannan ta tuƙa gobe waccan, amma duk inda aka tuƙa a babban kwanon gidan Alhaji ake juyewa, mu zagaye shi a kan tabarma. Tuwo da zafinsa, miyar ayoyo, ranar da aka samu a sa ganda. Kafin a fara, kwanon ruwa ɗaya ne yake zagayawa kowa ya tsoma hannu ya wanke, daga babba zuwa ƙarami. 'Ya'yana sun watse, wasu Accra wasu ƙetare, gidana ya yi shiru. In na rufe shago, wannan tabarmar ce kaɗai wurin da in ban zo ba za a aiko a tambaya ko lafiya. Ita nake tsoron rasawa, fiye da yadda nake tsoron ƙurajen.

Kuma ba wanda ya taɓa nuna mini ƙyama. Ina naɗe bayan hannun da farin ƙyalle mai tsabta, yatsuna kuwa lafiyarsu lau. Masta, wani bakanike a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, wanda ya zo daga arewacin ƙasar nan tun yana saurayi, shi ne ma yake tsokanata.

"Tela," in ji shi, "hannu naka da nawa duka ɗaya ne. Nawa shi na da baƙin mai, naka shi na da ƙurji. Tuwo bai yi magana ba koraa, ko kaɗan."

Sai a yi dariya a ci gaba da ci.

Wani surukin Alhaji ne ya ɓata mini rai, kuma bawan Allahn bai ce mini komai ba. Baƙo ne, ya kwana biyu a gidan, aka zaunar da shi kusa da ni. Na ga idonsa ya sauka a kan ƙyallen, sannan ya miƙa hannu can ɗaya gefen kwanon yana yanko tuwo daga gaban wani, alhali ga nasa a gabansa. Ya tafi garinsu, ya bar ni da tunani. Na ce a raina, ashe haka hannuna yake a idon wanda bai san ni ba. To su da suka san ni fa, ko kunya ce take hana su magana?

Washegari na hau turoturo, motar haya, zuwa Adum a cikin gari, na shiga wani kemis. Mai shagon wata dattijuwar Asante ce. Na zare ƙyallen na nuna mata, ta kama baki.

"Ei, Kramo, kafra," ta ce, wato tana yi mini sannu. Kramo kuwa haka suke kiran mu Musulmi. Ta sauko da wata kwalba mai ruwa kalar shayi. "Wannan shi na kashe cuta duka. Murfi ɗaya, bokiti ɗaya. Kaɗan-kaɗan, wate?"

Na ce na ji. Amma ni ɗan Zongo ne, an raine mu a kan cewa maganin da bai yi raɗaɗi ba wasa yake yi. Da na zuba murfi ɗaya a bokiti ruwan ya koma fari kamar madara, na wanke hannu ban ji komai ba, sai na ga kamar an cuce ni. Na rage ruwa na ƙara magani, har sai da na ji yana cin naman. Na ce yauwa, yanzu aka fara aiki.

Daga nan na shiga yawon kwalabe. Wannan ya ƙare ƙurajen suna nan, na koma aka ba ni wani mai ruwan hoda, wai da shi likitoci suke wanke hannu kafin tiyata. Wani kwastomana ya kawo mini wani gari da ake jiƙawa, ruwan ya koma shunayya, ya rina mini farce suka yi ja-ja kamar na mai cin goro da hannu. Na yi aidin, na yi jan sabulun nan mai warin gaske. Kowanne sai ya yaudare ni da farko. Ƙurajen su bushe, in tashi da safe in duba a hasken taga in ce wa matata, "Zo ki gani, sun fara tafiya." Ita kuma ta zo ta duba, don ba ta son jayayya da sassafe. Kafin Juma'a ta zagayo sun dawo. Tagar banɗakinmu ta cika da kwalabe rabi-rabi, har ba wurin ajiye soso.

Da a banɗaki na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Sai na yi wata dabara da na ɗauka ladabi ce. Na ce tunda don mutane nake yi, bari mutane su gani da idonsu hankalinsu ya kwanta. Na sami buta ta daban, na haɗa farin ruwan nan a ciki, na riƙa zuwa da ita ƙofar gidan Alhaji. In kwanon wanke hannu ya iso kaina sai in ce a wuce da shi, in koma bakin kwata in zuba nawa, in cuɗa tsakanin yatsu sosai kowa yana kallo, sannan in dawo in zauna ina jin na fi kowa tsabta a wurin.

Ranar farko Malam ne kawai ya yi magana. Shi yana koyarwa a makarantar Arabiyya, kuma ba ya ganin ruwa ya wuce bai yanke masa hukunci ba.

"Wannan dai ba ya alwala," ya ce. "Launinsa ya canza, ƙanshinsa ya canza."

Na ce ai ba alwala nake yi ba, Malam, tuwo zan ci.

Muka sa hannu. Can Masta ya tsaya da loma a hannunsa, ya shinshina, ya dubi kwanon.

"Tuwon nan shi na warin asibiti paa, sosai," ya ce.

Aka yi dariya, amma gajeriya. Na lura ranar an bar saura, abin da ba a saba yi ba.

Ni da nake cikin warin dare da rana hancina ya riga ya mutu. Ban san yana riga ni isa wuri ba. Kuma na manta abin da wannan warin yake nufi a wurinmu. Ba wanda yake shaƙarsa a gidan suna ko gidan biki. A ɗakin majinyata ake jin sa, ranar da aka je duba wanda ba a sa ran zai tashi, ko a ɗakin da aka fitar da mamaci aka wanke ƙasa. Ƙurajen da suka yi shekaru suna gani a matsayin ƙurajen tela, sai ga shi ni da kaina na zo musu da shaidar cewa cuta ce.

Tambayoyi suka fara zuwa a hankali. Malam ya tsare ni a hanyar masallaci.

"Wai me likitar nan ta ce maka ne, tsakaninka da Allah?"

Na ce ta ce ba ya yaɗuwa.

"To in ba ya yaɗuwa, wannan wankin na mene ne?"

Ni ma ban taɓa tambayar kaina haka ba.

Ana nan hannun ya lalace. Fatar ta bushe ta yi fari, ta fara tsagewa a gaɓoɓi. Yatsun da suka yi shekaru lafiya lau, su ma suka kama saɓa. In na zura zare a allura sai in ga jini a kan zaren. In na tsoma hannu a miya barkono ya shiga tsagar, in cije leɓe in ci gaba da hira. Matata ta kama hannun wata rana ta juya shi.

"Maigida, dafa hannun nan kake yi," ta ce. "Ƙurajen ba su tafi ba, ka kashe fatar da take da lafiya. Don Allah ka bari haka."

Na ce mata saura kwalba ɗaya da aka ba ni labari.

A cikin makon nan ne na iso tabarma na tarar da ɗan ƙaramin kwano a rufe, an ajiye shi a wurin zamana, da cokali a kai. Alhaji bai yarda mun haɗa ido ba.

"Hajiyata ce ta ce a ware maka naka," ya ce. "Saboda yaji. Kada ya riƙa shiga maka hannu."

Na buɗe. An zaɓo mini naman da ya fi kowanne kyau. Na yi godiya, don abin godiya ne. Na ci tuwo da cokali a gefen mutanen da na yi rabin rayuwata ina goga kafaɗa da su, kuma raina ya ɓaci har na kasa jin ɗanɗanon miyar. Na gaya wa kaina na ɗan lokaci ne, da zarar yatsun sun warke shi ke nan.

Na koma wurin likitar. Na kwashe kwalaben a leda na jera mata a tebur. Ta dube su ta dube ni, ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce in daina duka. Ruwa zalla, sabulu mara ƙamshi, da man da zai tausasa fata. Ƙurajen kuwa har yanzu ba ta san sunansu ba, za a ci gaba da nema.

Na zubar da su a kwata. Ban taɓa jin gajiya irin ta ranar ba, ina tsaye ina kallon ruwa fari da ja da shunayya yana gangarawa. Sannu a hankali tsagar ta rufe, fatar yatsun ta dawo. Ƙurajen bayan hannu suna nan yadda suke tun farko, ba su ƙaru ba ba su ragu ba. Na koma naɗa farin ƙyallena. Har na sa matata ta shinshina hannun, ta ce ba ta jin komai sai man kaɗanya.

Ranar na tafi da wuri, ba buta. Da kowa ya hallara na ɗaga yatsuna na nuna musu.

"Likita ta hana ni wankin nan," na ce. "Na daina. Kun ga sun warke."

Suka ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Masta har da tafa mini kafaɗa. Kwanon wanke hannu ya fara zagayawa. Na gyara zama ina jira ya iso. Wanda yake kusa da ni ya wanke, ya tsallake ni ya miƙa wa na ɗaya gefena, yadda ni na koya musu. Sannan aka fito da babban kwano, aka fito da ƙarami.

Na ɗaga murfin. Yanzu hancina ya farfaɗo, saboda haka tun kafin tururin ya gama tashi na ji shi. Warin ruwan nan ne mai komawa fari. Na shinshina hannuna, babu. Na ɗauki cokalin na kai hanci, yana nan. A jikin kwanon yake.

Na dubi Alhaji. Wannan karon bai kawar da kai ba, sai ya matso ya rage murya.

"Kada ka ɗauke shi da wata manufa, ɗan'uwa," ya ce. "Hajiya ce ta aika Adum aka sayo mata irin maganin naka. Da shi take wanke kwanonka, daban. Ta ce tunda kai mai ciwon ka ga ya kamata, ita wace ce da za ta yi sakaci."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, in ce kuskure na yi, in ce likita ta faɗa tun farko. Sai na ga hannuwa sun riga sun shiga babban kwano, Masta yana ba da labarin wata mota da ta ƙi tashi, kowa yana sauraro. Ban ga ta inda zan fara ba.

Na ce bismillah. Na cinye tas, don in na bar saura Hajiya za ta ce jikin ne ya tashi.