Gwaggo Hamdiya, mai tsaron dodannin Japan

Da sassafe za ka gan ta a tashar Sevran, da baƙin kwat ɗin aiki da kallabi mai ruwan toka, tana jiran jirgin shiga Paris. Ƙarfe tara ta isa gidan tarihin da take gadi, ta hau bene na biyu, ta kunna fitilun ɗakin kayan Japan. Shekara ashirin da shida ke nan Gwaggo Hamdiya, ƙanwar mahaifina daga Maraɗi, tana tsaye a ɗakin nan.

Abin da take tsaro fuskokin itace ne na Oni, dodannin tatsuniyoyin Japan: masu ƙaho, masu fiƙa, wasu ja, wasu shuɗi. Aikinta kawai ta hana mutane taɓa gilashi. Amma duk masanin da ya zo yi wa baƙi bayani, Gwaggo na gefe tana saurare, har ta haddace abin da ba a rubuta a jikin bango ba.

Sofia, abokiyar aikinta, ta ba ni labarin ranar da bututun ruwa ya fashe a saman ɗakin. Kafin masu gyara su iso, Gwaggo ta cire kwat ɗinta ta rufe akwatin da ruwa ke ɗiga a kai, ta tsaya riƙe da bokiti kusan awa guda cikin sanyin Janairu. Sati biyu ta yi kwance da mura mai tsanani. A rahoton da aka rubuta, "wata ma'aikaciya" aka ce.

Ni ma na ci moriyarta. Lokacin da na zo karatu Lyon, ina zaune a unguwar Minguettes, na rasa abin da zan yi bincike a kai. Na kai mata ziyara wurin aiki, ta nuna min wata jar fuska.

"Ilya, ka ga wanga? Waken soya ake watsa mai a kore shi daga gida. Amma wasu a kan rufin ɗaki suke ɗora kamanninshi don ya tsare su. Ba ka ga ya yi kama da Dodon tatsuniyarmu ba?"

Daga maganar nan kundina ya fito. Shekara huɗu ina buga mata waya, tana amsa min tsakanin aiki da girki.

Ranar da zan kare kundin, ta biyo jirgi tun daga Paris da kwanon dambu a jaka. Bayan an gama, babban malamina ya tambaye ni wace ce wannan baiwar Allah. Na dubi takalmanta na aiki, na dubi manyan da ke kewaye da ni, na ce, "Wata 'yar garinmu ce." Tana tsaye kusa da ni, ta ji. A shafin godiya na jera sunan mutum goma sha ɗaya, babu nata.

Da na raka ta tasha ne ta buɗe kundin ta ce, "Ya yi kyau, ɗana. Sai dai shafi na sittin ka gyara, kulkin Oni na ƙarfe ne, ba na itace ba." Ta hau jirgi. Shekara bakwai ke nan, kullum na tuna sai kunya ta rufe ni.

Gwaggo, ke ce malamata ta farko a wannan fanni. Ke ce mai sani ba allo ba digiri. Ni aka kira Dakta, alhali ke kika nuna min ƙofa.

Watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun gaji. Na buga mata waya na nemi gafara.

"Sai yanzu?" Ta yi dariya. "To, ya wuce. Juma'a ce ranata ta ƙarshe. Ka taho da ɗalibanka, in yi musu bayani da bakina ko sau ɗaya."

Allah Ya saka miki da alheri, Gwaggo. Ku kuma 'yan'uwa, ku yi aikinku da zuciya ɗaya irin tata, kuma duk wanda ya koya muku abu, ku faɗi sunansa yana raye, yana ji. Na yanki tikitin mutum goma sha biyar daga Lyon. Ranar Juma'a ni ma a cikin ɗalibai zan tsaya.