Zolayar da Ta Fito Ranar da Aka Binne Umaru

Ni mai wannan shafi, wanda ya daɗe yana yanke wa jama'a hukunci a kan karkacewar hula da kaurin fura, ina sanar da mutanen Mafara da Bakura da Maradun, da duk wanda wannan magana ta iske, cewa na tuɓe wani ɗan maɓalli daga muƙaminsa, tuɓewar da babu ɗaukaka ƙara a bayanta. Maɓallin nan shi ne wanda marubuci ke dannawa ya saita rubutu ya fito da kansa a wata rana mai zuwa, shi kuwa yana can yana harkar gabansa. Masu karatu sun saba in buɗe musu da raha. Ta yau iyakarta ke nan.

Ina Damri, gidan surukaina, labari ya same ni. Wani mai babur da ya taso daga Mafara ya tsaya a ƙofar gida, ya kashe inji, ya yi gaisuwa mai tsawo irin wadda ke sa gaban mutum faɗuwa, sannan ya ce, "Malam Garba, sai haƙuri. Umaru na Faru Allah ya yi mashi cikawa da sahen ga." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Umaru ɗan gwaggona ne, wato taubashina. Tun muna yara nake kiransa bawana, shi ma yana kirana bawansa, kuma babu alƙalin da ya taɓa raba wannan gardama. Manomi ne a Faru har zuwa lokacin da zama ya gagara a can, ya kwaso iyalinsa da tsohuwarsa suka dawo Talata Mafara, ya kama sayar da albasa a kasuwa. Abin da ya fito da shi daga Faru, bayan mutane, tulu ne cike da irin gero. Duk damina sai ya raba wa maƙwabta masu gona, bai taɓa karɓar komai ba, sharaɗinsa kawai a mayar masa da damƙin zangarniya don kada irin ya ɓace. Idan mai saye ya ɗauki albasar da ta fara ruɓa ta ciki, sai ya karɓe daga hannunsa ya canza masa. Kuma ban taɓa jin ya ce gobe ba tare da ya ƙara da in Allah ya kai mu ba, ko da maganar aron tsani ake yi.

Yana da wata baiwa da na mayar abin zolaya. Idan ya kwanta barcin rana a zaure, yakan gane a cikin mafarki cewa mafarki yake yi, har ya juya akalar mafarkin inda yake so. Na tambaye shi yadda yake ganewa. Ya ce, "Gwiwata. Da na ji ina tahiya ba ta yi mani ciwo, sai in ce, Umaru, barci kake." Daga nan sai ya kama hanyar Faru, ya shiga gonarsa, ya duba gero, ya gyara kunya, ya zauna gindin tsamiya.

Na ce, "Kai bawa, an ba ka duniya kyauta, ba ka tashi sama ba, ba ka ci rago guda ba, sai noma?"

Ya ce, "Mai barci an yahe mashi don bai san abin da shike yi ba. Ni na sani. Ina uzurina?"

Shi ya sa ko a mafarki ba ya tsallaka iyakar gonar maƙwabcinsa. Ya taɓa gaya mini ya gamu a mafarki da waɗanda suka kore su daga Faru, a kan hanyar rafi, ya san yana iya sa ƙasa ta haɗiye su. "Sai na ce su ba ni hanya," in ji shi, "sunka ba ni, na wuce."

A shafina na naɗa shi Sarkin Noman Barci. Jama'a suna dariya, shi kuma yana sa babban ɗansa Bello ya karanta masa, ya aiko da ramuwa mai zafi. Haka wasan yake: in jefa, ya rama.

Da zan tafi Damri hutawa, inda sabis ke zuwa ya tafi kamar baƙon kunya, sai dabara ta zo mini. Na zauna na rubuta zolaya a jere, duk a kan Umaru, na saita kowace ta fito ranarta, na rufe waya na tafi cin tuwon surukai. A lokacin gani nake na yi wayon da ya kamata a koyar a makaranta. Ban lura cewa na yi wa kwanakin da ban mallaka ba alkawari, na kuma yi wa wani mutum alkawarin zai kai su.

Kafin in iso Mafara an riga an kai shi makwancinsa. Na sami wuri a ƙofar gida, a gefen da dangi ke zama suna karɓar gaisuwa, domin nan ne wurina. Wasu baƙi suka zo, liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Muna shafawa sai na ga wani matashi ya duba wayarsa, ya dube ni, ya miƙa wa na kusa da shi. Wayar ta bi layi hannu zuwa hannu har ta kai ga Bello.

Rubutuna ne ya fito. A cikinsa na ba da sanarwar cewa Sarkin Noman Barci ya yi girbin dami dubu a zaure, kuma ana neman masu ƙarfi su zo su tashe shi ya biya zakka.

Wani dattijo da aka karanta wa a kunne ya ce, "To shi wanga yaushe ya rubuta? Hannunshi na sama tare da namu."

Bello bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Baba Garba, na makon jiya yana kwance na karanta mashi. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce bawana na nan yana tuna ni. Na rubuta maka a ƙasan rubutun cewa jikin ya yi tsanani, yana nemanka. Munka ga ba ka amsa ba, munka ce ko kana hanya." Sannan ya nuna da hannu ya ce, "Wurin masu gaisuwa na can."

Na tashi. Mutumin da ya shekara yana koya wa jama'a ladabin zama a tabarma ya rasa inda zai sa ƙafarsa. Ina neman takalmina aka ce Gwaggo Hajo, mahaifiyar marigayin, tana kirana a cikin gida.

Na same ta a ɗakinta da carbi. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa duka, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Garba, an ce ka yi wa ɗan'uwanka waƙa. Karanta in ji."

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini wannan."

Ta ce, "Duniya ta ji, ni ce ba ni ji?"

Na karanta. Ban taɓa sanin rubutuna yana da tsawo haka ba. Kowace kalmar da na yi alfahari da ita lokacin da nake ƙera ta sai da na furta ta a gabanta. Da na kai wurin dami dubu, ta ce, "Ƙarya kake, gonar ba ta taɓa yin haka ba," ta share ido da bakin mayafi.

Da na gama ta ce, "Yaushe ka rubuta?"

Na ce, "Yana da ransa, Gwaggo, yana lafiya lau. Na'ura na bar wa, ita ke fitarwa."

Ta ce, "Wasa haƙƙinka ne, ni na haihe shi, ƙanena ya haihe ka. Ko bisa kabari ka yi shi ba mai hana ka. Amma wasan taubashi da mai ramawa aka yi. Kai ka aje wasa ka yi tahiyarka, yaro na kwance yana zaton kai ne ke magana da shi."



Ta ja carbinta kaɗan, sannan ta ɗaga murya ta kira Bello. Da ya shigo ta ce, "Ka mai da shi wurin dangi. Ba don ya kyauta ba. In ya zauna cikin baƙi gaisuwa ɗaya zai yi ya tahi gida. Ka aje shi inda duk wanda ya karanta zai zo ya kama hannunshi ya dube shi."

Nan nake zaune tun ranar. Malamai sun zo, 'yan kasuwar albasa sun zo, mutanen Faru da ke warwatse a Garbadu da cikin gari sun zo, kowa ya kama hannuna ya ce ya haƙuri, wasu kuma su ɗan riƙe hannun fiye da yadda gaisuwa ke bukata. Bello yana amsa sallamata, bai ƙara komai a kai ba, ban kuma ga laifinsa ba. Sauran rubuce-rubucen da ke jiran ranarsu na sauke su duka. Wanda ya fito na bar shi inda yake, don goge shi zai zama kamar ban yi ba. Wannan da kuke karantawa da hannuna na sake shi, ina zaune, ina kallonsa.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Umaru, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya shi cikin waɗanda ka yarda da su. Ka ba Gwaggo Hajo haƙurin da ya fi na kowa nauyi, na uwar da ta ga tafiyar ɗanta. Ka rufa wa matarsa da Bello da ƙannensa asiri, ka zama gatansu, ka mayar da mutanen Faru gonakinsu lafiya. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.

A ƙarshe, kotun wannan shafi ta zauna, ni ne alƙali, ni ne wanda ake tuhuma, kuma babu lauyan da ya yarda ya tsaya mini. An ci ni tarar cika butocin alwala na ƙofar gidan marigayin, daga rijiya, da hannuna, sanye da babbar riga, har ranar da za a tashi makoki. Ba a yarda in aiki kowa ba.