Fassuma da Ɗakin Baya na Makarantar Hajara

Bana shekara shida ke nan da rasuwar maiɗakina, Malama Fassuma. Duk shekara in wannan wata ya kama sai in rasa sukuni. In ina wurin aiki in ƙagu in koma gida, in na koma gida kuma in zura takalmi in fita ban san inda za ni ba. 'Yarmu Nana ta gane, ta ma daina tambaya. Bana na ce maimakon wannan yawo gara in zauna in rubuta, ko masu karatu sa taya ni duba abin da ya hana ni sakat.

Ni magini ne, mutumin Damagaram. Na riga Fassuma zuwa Sabha, garin Larabawa da ke ƙetaren hamada, na daɗe ina aiki a hannun 'yan ƙasa kafin in samu ɗaki a unguwar Hajara in aika ta taho da Nana. Ita kuwa tun a gida malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta yi karatun koyarwa, ta riƙe aji. Da ta iso ta tarar mutanenmu, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya, sun haɗa hannu sun kama hayar wani gida sun mai da shi makaranta, domin yawancin yaranmu ba su da takardun da za a karɓe su a ta gwamnati. Shugaban kwamitin iyaye, Alhaji Ɗanjuma, ɗan kasuwa ne daga Kano, shi da kansa ya zo har gida ya roƙe ni in bar ta ta koyar.

A can ƙuryar gidan akwai wani ɗaki da a da ake ajiye kaya. Nan ake tura yaran da suka gagari sauran malamai. Akwai wanda in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin benci ya ƙi fitowa. Akwai mai jifa da duk abin da hannunsa ya kai. Akwai wadda ba ta magana sam. Ba taɓin hankali ne da su ba. Yara ne da suka ratso hamada a bayan mota, suka ga abin da babba ma in ya gani ba ya barci, ko suka kwana a ɗaki ana harbi a bakin layinsu, ko aka kama uba a gabansu ba a sake jin labarinsa ba. Da yake Fassuma ce kaɗai mai takardar koyarwa, sai aka ce ɗakin baya nata ne.

Da farko da murnarta ta karɓa. Ta sa aka kwashe bencuna aka shimfiɗa tabarmi. Ta sa na je na cire sakatar ƙarfen ƙofar na ɗaura tsumma a jikinta don kada ta yi ƙara. Ta tara ƙwallayen dabino a kwano, da su ake koyon lissafi, da su kuma yaro yake wasa har zuciyarsa ta sauka. In yaro ya birkice ba ta tsawa, ba ta riƙe shi, sai ta zauna a ƙasa kusa da shi ta yi shiru har ya gaji. Takan dawo gida tana ba ni labari da zumuɗi, yau wane ya yarda ya riƙe alli, yau wance ta kalle ta ido cikin ido. Ni da ban san komai ba sai siminti da bulo, har na haddace sunayensu.

Makon jiya ƙafata ta kai ni bakin gidan nan. Makarantar ta tashi daga can, ta koma wani gida babba a unguwar Sukra, tsohon wurin kuma ya zama shagon gyaran waya. Na tsaya ina kallon samari suna shiga suna fita, ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yadda abin ya koma. Yaran sun ƙaru, ba su ragu ba. Motoci ba su daina zuwa daga kudu ba. Yanzu ma har a cikin wayar uwarsa yaro yake ganin gawa, ba sai ya ratsa hamada ba. Sabuwar makarantar tana da fenti da fanka, tana kuma da nata ɗakin baya. Ina jin da ta zo, ba fentin za ta duba ba. Za ta wuce kai tsaye ta leƙa ɗakin, ta ga ko mutum nawa ne a ciki tare da yaran.

A cikin yaranta akwai wata Balki, wadda ba ta wuce shekara tara ba. Uwarta ta rasu a hanya tsakanin Agadas da nan, a gabanta aka binne ta, gwaggonta ce ta ƙaraso da ita. Balki ta maƙale wa Fassuma kamar ita ta haife ta. Ba ta yarda Malama ta fita ko alwala. In ta kula wani yaro, sai Balki ta cije ta, ko ta yage rigar jikinta. Na sha ganin shatin haƙora a damtsen matata. In na yi magana sai ta ce tsoro ne yake cizon, ba yarinyar ba.

Ban iya cewa ga ranar da abin ya fara canzawa ba. A hankali labaran yamma suka ƙare. Sai ta dawo ta zauna a bakin gado da hijabinta, ta zuba wa bango ido har a kira magariba. Abinci ya koma cokali biyu. Ciwon kai ba ya sakinta. Muryarta ta dushe, ita da ba ta tsawa. Da safe takan isa ƙofar makaranta ta tsaya kamar an kafe ta, sai ta zagaya layin ta dawo kafin ta iya shiga. Wata rana Nana, lokacin tana ƙarama, ta rugo ta rungume ta daga baya, sai Fassuma ta zabura ta ce, “Kada ki taɓa ni.” Yarinyar ta koma gefe tana kallonta. Ita kuma ta kalli hannuwanta ta fashe da kuka.

Ta je wurin kwamiti ba sau ɗaya ba. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba: a ba ta mace ɗaya ta riƙa zama da ita a ɗakin, a kuma bar ta ta huta rana ɗaya a mako. Alhaji Ɗanjuma ba mugu ba ne, daga aljihunsa ake cike hayar gidan. Amma kullum amsarsa ɗaya ce. “Malama, ai ke Allah ya ba ki haƙuri. Wannan aikin lada ne, sakamakonki yana can.” Sauran malamai kuwa kowa yana murna ba shi aka ba ɗakin ba.

Ranar da ta yanke shawara, da la'asar ce, ina wanke kayan aiki a tsakar gida. Ta tsaya a kaina ta ce, “Baban Nana, yau Balki ta yi ta buga goshinta da bango har jini ya zubo.”

Na ce, “Subhanallahi. Ta ji ciwo sosai?”

Ta ce, “An ɗaure mata. Ba shi ne ba. Ina tsaye ina kallonta, ban ji komai ba. Ko tausayi, ko haushi. Abin da ya zo mini a rai kawai, yaushe za a tashi. Wadda ba ta jin komai bai kamata a bar ta da yaran nan ba.”

Washegari ta tsaya gaban kwamiti ta ce ta gaji, ta ajiye. Ba ta ce ba ta da lafiya ba, ba ta ce mijinta ya hana ba, ko da yake na ce mata ta fake da ni in tana so. Ta ce ba za ta yi ƙarya a kan wannan ba. Kalmar da ta faɗa ke nan a gaban dattawa: na gaji.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake tayar mini da hankali. Magana ta bazu a Hajara. Wai ta yi girman kai, wai 'yan boko ba su da tawakkali, wai ta watsar da marayu. Matan da take gaisawa da su a wurin suna suka riƙa kau da kai. Sannan gwaggon Balki ta zo gidanmu riƙe da hannun yarinyar, goshinta da bandeji. Matar ta durƙusa tana roƙo, ta ce tun da Malama ta daina zuwa Balki ba ta ci ba. Fassuma ta fito ta zauna a ƙasa gaban yarinyar, ta ce mata, “Balki, ba laifinki ba ne. Ni ce ƙarfina ya ƙare. Ba zan dawo ajin ba, kuma ba zan ce miki zan dawo ba.” Ta kawo abinci suka ci a kwano ɗaya. Da za su tafi sai da aka ɓamɓare yatsun yarinyar daga zanenta. Ba a daɗe ba muka ji gwaggon ta mai da ita gida Nijar. Daga nan labarinta ya yanke mana. Na tambayi direbobi, na tambayi masu zuwa Agadas, ba wanda ya sani. Yanzu ta isa budurwa, in tana raye. Ban san ko ta samu wanda ya zauna kusa da ita ba.

Bayan haka na samu aikin gina tankin ruwa a wata gona wajen Tamanhint, can bayan garin Sabha, mai gonar ya ba mu ɗaki, muka koma can. Watannin farko barci kawai take yi. Daga baya ta fara fita tana taya matan wurin dashen albasa. Ta yi ƙiba kaɗan. Muryarta ta dawo. Wata safiya na jiyo ta tana yi wa Nana kitso suna dariya, na tsaya a bayan ɗaki na ƙi shiga don kada in katse su. Kusan shekara biyu muka yi haka, kuma su ne mafi daɗin zamanmu a ƙasar nan. Duk da haka in ta ji kukan yaro daga nesa sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta saurara har ya yi shiru. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta yi ba.

A cikin gonar ta faɗi, da hantsi. Muka kawo ta asibiti a Sabha, likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe a jikinta. Ba ta farfaɗo ba. Akwai masu ce mini makarantar ce ta kashe ta. Ni ban faɗi haka ba, kwana ne ya ƙare, kuma ban san abin da likita bai sani ba. Abin da na sani shi ne ta shiga ɗakin nan da ƙarfinta ta fito babu.

Yau in aka ambace ta a cikin mutanenmu sai ka ji ana cewa, Allah ya jiƙan Malama, mai haƙuri, irinta ba a samu. Har da bakunan da suka ce ta watsar da marayu. Wannan yabo yana ƙona mini rai fiye da zagin. Domin da shi ake rufe bakin duk wadda aka tura ɗakin baya a bayanta. An yi malamai da dama a wurin tun tafiyarta, kowace ta zo da zumuɗi, ta rame, ta ɓace ba sallama, a ce ai ba ta kai Malama Fassuma ba. Sun mai da ita sandar dukan wasu. Da tana nan, na tabbata da ta tashi a tsakiyar taro ta ce su daina yi mata ƙarya.

Kwanakin baya wata yarinya ta yi sallama a gidanmu, Malama Hauwa'u, 'yar Katsina, ita ke riƙe da ɗakin yanzu. Nana ce ta shigo da ita. Tana zaunawa na gane zaman, na gane idanun. Ta ce, “Baba, an ce mini marigayiya ta yi shekaru a ajin nan ba ta taɓa ƙorafi ba. Na zo in ji yadda ta yi, don ni na kusa kasawa.”

Na ce mata, “'Yata, wanda ya gaya miki haka bai san ta ba. Ta yi ƙorafi, ba a ji ba. Ta kasa, ta kuma faɗa da bakinta.” Na kwashe labarin duka na ba ta, har da na Balki, ban rage ba.

Sai ta ce, “To in na ce na gaji, ba za su ce ba ni da imani ba?”

Na ce, “Za su ce. Amma ki faɗa tun kina jin tausayin yaran, kada ki bari sai ya ƙare.”

Na ji labari ta je gaban kwamiti, ta ce ko a ba ta mataimakiya ko ta ajiye a ƙarshen wata, ta kuma ambaci sunan matata a matsayin hujja. An yi ta ja-in-ja. A ƙarshe aka samo wata dattijuwa da ke zuwa da safe ta zauna da ita zuwa azahar. Hutun rana ɗaya kuwa har yanzu ana dubawa. Ban san ko hakan zai riƙe ta ba, ban san ko zai daɗe ba.

In na auna abin da Fassuma ta bari, ba shi da yawa a ido. Ba gini, ba suna a jikin allo, yaran da ta koyar sun watsu a ƙasashe. Akwai Nana, wadda ta ɗauko tafiyarta da yadda take sauraron mutum har ya gama. Akwai kuma wannan dattijuwa da ke zaune a kan tabarma kowace safiya a Sukra, wadda ba ta taɓa ganin matata ba, ba ta ma san dalilinta ne aka kira ta ba. Allah ya yi wa Fassuma rahama, ya hutar da ita hutun da ta roƙa a nan ba ta samu ba. Wanda kuma ya san wata Balki mai tabo a goshi a wajen Agadas, ya gaya mata malamarta ba ta daina tambayarta ba har ta koma ga Allah.