Jirgin Yaya da Bai Sauko Ba

Yayana mai gyaran ƙananan injuna ne: janareta, injin yankan ciyawa, famfon ban ruwa, duk wani abu da ke shan fetur yana tari. Shagonsa da nawa na ɗinki bango ɗaya ya raba su, bangon ma na katako, saboda haka duk hayaƙin da ya tayar ni ce ke fara shaƙa, kuma duk yadin da aka kawo mini sai ya koma gida yana warin mai. Na yi masifa har na gaji. Shi ba ya rama magana. In na gama, sai ya leƙo ta ramin katako ya tambaya ko ina da ragowar ƙyalle.

Mutumin nan, da furfurarsa da komai, jiragen wasa yake ƙerawa, irin waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Ba ƙanana ba fa, fiffike ɗaya ya fi hannuna tsawo. A silin shago yake rataye su, hancinsu ƙasa, in iska ta shigo su dinga juyawa a hankali suna bin mai shigowa da kallo. Akwai masu kawo gyara da ba sa yarda su tsaya a ƙarƙashinsu, daga bakin ƙofa suke miƙa kaya.

Babbar damuwarsa inji. Wanda aka yi musamman don irin wannan jirgi ba a samunsa a kasuwa sai an yi oda, odar kuma in ta tafi sai ka manta da ita. Da ya gaji, sai ya kwance injin yankan ciyawa, ya cire duk abin da ba dole ba, ya bi haƙoran faifan da ke juyawa a jikinsa da magagari har ya yi shafal, ya ɗaura masa farfela.

Ya yi mini bayani, ko ina so ko ba na so, cewa wutar fulogi iri biyu ce. Akwai ta ɗan akwati mai shan batir, wadda masu wannan harka suke sa wa jirage: da zarar rimot ya daina kai wa jirgin, akwatin ya yanke wuta, inji ya mutu, jirgi ya faɗo nan kusa. Akwai kuma wadda injin ya zo da ita: maganaɗisu a jikin faifan nan, duk juyi ya gifta wani naɗin waya da ake kira koyil ya haifi tartsatsinsa da kansa. Wannan ba ya jiran batir, ba ya jiran kowa. Muddin yana juyawa kuma da mai a tanki, yana raye. Waya ɗaya ce ke kashe shi in an taɓa ta da jikin inji, ita ma Yaya ya datse ta saboda tana lilo kusa da farfela. In zai kashe shi a ƙasa, tiyon mai yake matsewa da yatsa.

Ya yi odar akwatin, ban ce bai yi ba. Jira ne ya gagare shi. Wata safiya ya ja ni zuwa filin da ke bayan rumbunan ajiyar kaya, wai in riƙe masa jelar jirgin yayin da yake tayar da shi. Na ce masa tsofai-tsofai da mu, a gan mu a fili muna wannan shirme? Ya cika tanki, ya buga farfela da hannu, abin ya kama da wani ihu da na ji har cikin haƙorana. Ya ce in saki, na saki.

Ya tashi lafiya lau, har na fara washe baki. Sai na ga Yaya yana murɗa sandunan rimot, jirgin kuwa ko gezau. Ya ɗan karkata gefe, ya shiga zagaye, kowane zagaye ya fi na baya nisa, iska tana tura shi wajen da rufin gidajen mutane yake. Yaya ya ɗaga rimot sama, ya bi shi da gudu har takalminsa ya cire. Muka tsaya muna kallo har ya zama ɗigo, ɗigon ya ɓace, amma ƙarar ta daɗe ba ta ɓace ba.

Ni asarar wahalarsa nake ji. Shi kuwa ya dube ni ya ce, "Farfelar nan tana raba yatsa da hannu. A kan wa zai sauka?"

Daga ranar wannan tambaya ta zauna masa. Ya bi unguwannin gefen nan lungu-lungu, yana tambayar masu shago da masu wanki ko wani abu ya faɗo daga sama, in ya faɗo ko ya taɓa wani. Ya je asibiti ya tsaya a bakin ɗakin da ake ɗinke rauni har masu gadi suka san shi. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Ko guntun fiffike ba a tsinta ba. Ana cikin haka akwatin nan ya iso a ɗan kwali. Ya karɓa, ya ɗora a kan kanta, bai ko yage ledar ba.

Sai kuma ya fara jin ƙarar jirgin. Da yamma, in rana ta yi sanyi, zan ji guduma ta tsaya a shagonsa. In na leƙa, yana tsaye da sifana a hannu, kansa a karkace, idonsa a silin. Nakan ce masa babur ne a titi, Yaya, ko injin niƙa. Sai ya ce a'a, ya san muryar abinsa, can nesa yake, yana zagayawa. Na ce wane irin tanki ne wannan da shekara da shekaru bai ƙare ba? Bai yi dariya ba. Tsoro ya kama ni ranar, don Yaya ba mai faɗin abin da bai ji ba ne. Bai sake ƙera jirgi ba, na silin suka yi ƙura suna ta juyawarsu.

Har muka ƙara tsufa da abin. Rannan wani mai wasa wuƙa ya tsaya da kekensa a ƙofar shago. A bayan keken akwai dutsen wasa, da ɗan inji da ke juya shi. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau, illarsa ɗaya, ba shi da wurin kashewa, kullum sai an matse masa tiyo. Ina daga ƙofata na ga Yaya ya durƙusa, ya shafa faifan, yatsansa ya bi sawun magagari, ya lalubo guntuwar wayar da aka datse. Ya ɗago ya dubi hannuwan mutumin, ya dubi fuskarsa. Yatsu cikakku, fuska ba tabo.

Ya tambaye shi inda ya samo. Mutumin ya ce daga sama ya zo musu, shekarun baya, a jikin wani jirgi da ba kowa a ciki, ya sauka a lambun bayan gidansu bayan mansa ya ƙare.

"Ya taɓa wani?"

"Bai taɓa kowa ba," in ji mai wasa wuƙa.

Na ga kafaɗun Yaya sun sauka, har na buɗe baki zan ce ka ji ko. Amma mutumin bai gama ba. Ya ce mahaifiyarsu tana tsakar gida tana ninke wanki, da lafiyarta, abin ya zo ya dinga zagaye rufinsu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ita aka zo wa. Ta shiga ta yi wanka, ta raba 'yan kayanta kashi-kashi a kan gado, ta kwanta. Da ƙarar ta ɗauke suka ruga lambu, suka ga ashe katako ne da yadi, suka dawo suna dariya za su gaya mata. Suka tarar ta cika.

Yaya ya juya ga injin. Ya ɗauko waya da dalma da ɗan makunni, ya haɗa, aikin da bai kai shan ruwa ba. Ya tayar da injin, ya danna makunnin, injin ya mutu nan take. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi ya ƙera jirgin.

Mai wasa wuƙa ya ɗaga kai ya dubi jiragen silin. "Tun daga titi na hango su, Baba. Shi ya sa na kawo maka. Na ce mai abu shi zai iya kashe abinsa." Ya tura kekensa ya tafi, ba zagi, ba Allah ya isa.

Da yamma na shiga na same shi tsaye, kai a karkace. Na ce to, ga shi ka kashe shi da hannunka, ya daina ko?

"Da can daga nesa nake jin sa," ya ce. "Yau a kan rufin nan yake."

Washegari ya raba kayan aikinsa kashi-kashi a kan benci, ya kira abokan sana'a suka kwashe. Ni ya miƙo mini kwalin akwatin nan da ledarsa. Na zage shi tas, na yi kuka, na ce ba inda za shi. Yana nan da ransa har yau. Kullum da yamma zai yi wanka, ya sa kaya masu tsabta, ya zauna a ƙofar shagon da ba komai a ciki sai jiragen silin, yana sauraro.

Ni ban taɓa jin komai ba, wallahi ban taɓa ba. Amma in lokacin ya yi, ko ba ni da ɗinki, sai na sa ƙyalle a keken ɗinki na yi ta takawa har rana ta faɗi.