Furannin da Malam Ya Nuna Mini a Kan Tsauni

Karatun ilimin tsirrai ne ya kawo maigidana London. Kafin mu taso ya daɗe yana yawo a fadamun tsaunin Mambila, yana nazarin furannin da ke fitowa inda ruwa ke kwanciya. Ba mu jima ba tallafin karatun ya tsaya daga gida. Ya kama aikin gadin motoci a Stratford, wai kafin abubuwa su daidaita. Ni kuwa ina flat ɗin council, gidan hayar ƙaramar hukuma, a Plumstead da 'ya'yanmu mata biyu.

Wani watan Yuli ya aro motar abokin aikinsa, mutumin Ghana, ya ce mu shirya, zai kai mu tsaunukan arewacin Ingila. Na dafa shinkafa na zuba a kula. Yaran suka yi ta mita da Turanci har muka isa.

Wurin wata fadama ce a gefen tsauni, ciyawa har gwiwa, ƙasa na tsattsafo da ruwa. Takalmina ya jiƙe nan take. Shi ko Malam sai ya durƙusa cikin laimar da wandonsa na zuwa masallaci, fuskarsa ta saki yadda na manta tana yi.

"Maman yara, zo ki gani. Waɗannan biyun iri ɗaya ne?"

Na ce ai duk rawaya ne.

"Duba dai. Wannan a buɗe take kamar faranti. Wannan kuwa a dunƙule, kamar gwaiduwa. Kada launi ya ruɗe ki. Ki fara da ganye, sannan ki shafa karan ki ji ko da gashi."

Ya nuna mini wata mai ruwan hoda, ganyenta ɗigo-ɗigo kamar zabo, ya ce tana da 'yar'uwa a Mambila. Ya nuna mini wata shuɗiya mai fari a tsakiya, wadda ɗanta ke yin tsini kamar bakin zalɓe. Yana faɗin sunayensu na Latin a hankali, ina maimaitawa, yana dariyar yadda nake karya su. Har ƙaramar ta daina mita ta tsuguna kusa da shi.

Yana tallafe da wani fure tsakanin yatsunsa sai ga wasu Turawa masu yawon duba furanni, kowa da sandarsa. Wata dattijuwa ta tsaya a kansa. Ta yi magana dalla-dalla, da ƙarfi, kamar mai yi wa kurma bayani.

"A ƙasar nan ba a tsinke furanni. Ka gane?"

Bai tsinke komai ba. Na jira ya gaya mata ko shi wane ne. Sai ya miƙe, gwiwoyinsa duk taɓo, ya ɗan rusuna.

"Sorry, madam."

Da wannan muryar yake ba masu motoci haƙuri a wurin aiki. Ban taɓa jin ta da kunnena ba sai ran nan, kuma a gaban 'ya'yansa.

A cikin mota muka ci shinkafar. Babbar ta tambaye shi da Turanci laifin me ya yi, ya ce ta ci abincinta. Da suka yi barci a hanya na kasa daurewa.

"Malam, me ka yi mata da za ka ba ta haƙuri?"

"Bari, maman yara. Ƙasarsu ce."

"Karatun naka ma nasu ne?"

Ya ci gaba da tuƙi. Ni kuwa ban san da wa nake fushi ba, da matar, ko da shi, ko da waɗanda suka turo mu suka manta da mu.

Da shekara ta zagayo abokin nasa ya zo har gida ya miƙo masa makullin motar, ya ce, "Malam, kai yara su sha iska mana." Maigidana ya yi godiya, ya ce yana da aiki ranar Asabar. Bai koma jami'a ba, bai kuma sake kai mu tsauni ba har ya bar aikin saboda ciwon ƙafa.