Gyaɗar da Umma Take Auna wa Baba

Babana tela ne. A layin shagunansu ba mai kiransa da sunansa, Tulu suke ce masa, shi ma yana amsawa da dariya. Tun safe yake hawa keken ɗinki, tef a wuya, allura a baki. Kusa da almakashinsa kullum akwai biredi da lemon kwalba, duk mai tallan soye-soyen da ta gifta kuma sai ya tsayar da ita. Kafintan da ke maƙwabtaka da shi har ya gaji da gyara masa kujera.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, likita ya ce dole ya rage ƙiba. Baba ya ce shi yunwa ce matsalarsa, kafin lokacin abincin rana cikinsa ya fara kuka. Likitan ya ce ya gwada gyaɗa, cikin tafin hannu ɗaya, ba gishiri ba sukari, don tana daɗewa a ciki tana riƙe mutum, ba kamar biredi ba.

Umma ce ta ɗauki abin da gaske. Ta soya a kasko, ta murje, ta busa ɓawon, ta auna da hannunta ta zuba masa a ɗan gwangwani.

"Ai da hannuna likita ya ce a auna," in ji Baba.

"Naka hannun ai faranti ne, Baban yara."

Abin ya yi aiki. Ya daina tsayar da masu talla, ya fara dawowa gida a ƙafa. Ranar da ya rage ƙugun wandonsa da kansa, sai da ya zagaya tsakar gida yana nuna mana. Duk matar da ta shigo, sai Umma ta ba ta labari.

Shekara ta zagayo, bai daina raguwa ba. Gwangwanin ya fara dawowa da sauran gyaɗa a ciki, abincin rana ma cokali kaɗan yake yi ya ce ya ƙoshi. Mu kuwa yabo muke yi. 'Yan layi suna cewa Tulu ya koma kwalba.

Umma ce ta fara tsorata, wata safiya da ta ga ƙasusuwan wuyansa yana saka riga. Ta matsa masa suka koma asibiti. Bayan gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a ciki, kuma ya riga ya bazu.

Ina tsaye a bayanta ta tambayi likitan, "Gyaɗar ce?"

"A'a, Mama. Gyaɗa ta yi nata aikin da farko. Wannan ramar ta baya daban ce."

"Ni kuwa ina ta murna," ta ce.

A gadon asibiti Baba ya yi ta ƙoƙarin sa ta dariya. Ya ce rigar marasa lafiyar da aka ba shi, duk telan da ya ɗinka ta bai iya saka hannun riga ba. Ta yi murmushi, ta fita baranda ta daɗe. Bai kai ƙarshen shekarar ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, matar kafintan ta shigo. Ta yi ta kame-kame, sannan ta ce mijinta ma an ce ya rage jiki, ko Umma za ta gaya mata yadda ake yi. Na zaci za ta kore ta. Amma sai Umma ta gaya mata komai game da gyaɗar, har yadda ake rage wuta kada ta ƙone.

"Tana da amfani," ta ce. "Amma ki riƙa kallon mutumin. In ya fara barin abinci, kada ki jira."

Matar ta yi godiya ta tafi. Umma ta tashi za ta ɗora girki, ta tsaya a ƙofar kicin ta tambaye ni mutum nawa za a dafa wa. Na fara ƙirga mu da yatsu, sai na ga na sa har da Baba.