Ranar da Na Hana Sambo Taɓa Ƙwallo

Ranar Asabar, ɗaya ga Oktoba, 1960, aka jera mu a filin makarantar ƙauyenmu da ke yamma da Bagudo, kowa da 'yar tuta a hannu. Bayan an raba mana shinkafa da nama, hedimasta ya buɗe wani kwali ya ɗaga ƙwallon fata sabuwa fil, irin wadda ba mu taɓa gani ba. Ina da shekara goma sha biyu, kuma ni ne kyaftin, don haka ni aka miƙa wa ita. Da zai sake ta ya ce, "Ta gwamnati ce, ta 'yan Najeriya kaɗai."

Kafin ranar nan tamaularmu ta tsumma ce, ɗaure da igiyar rama. Wasan kuwa gadonsa muka yi daga yayyenmu. Duk Juma'a bayan la'asar, idan mun gama yankan ciyawar awaki da korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, sai mu haɗu a wani faƙo da ke tsakanin ƙauyenmu da rugagen tsallaken iyaka, ɓangaren da muke kira Faransi. Mu kafa karan dawa a matsayin turakun gola, manya biyu su yi zaɓe, mu yi ta gumurzu babu takalmi har a kira magariba. Ba a taɓa raba mu gari da gari ba. Wanda duk ya fara zaɓe, Sambo yake ɗauka.

Sambo ɗan rugar tsallake ne, siriri, gola wanda ba ya tsoron faɗuwa kan tsakuwa. Yakan zo da nono a gora, ni in zo da fura daga gidanmu, mu dama a gindin tsamiya. Ran da ƙaya ta huda mini dunduniya, shi ya goya ni har ƙofar ɗakin innata. Tun daga nan takan ce, "Ku bar ce mai baƙo, ɗana na."

Juma'ar da ta biyo baya na isa faƙon da sabuwar ƙwallo a hammata. Babu malami ko ɗaya a wurin, babu kuma wanda zai kai ƙara. Sambo ya taho da gudu yana dariya, ya miƙo hannu biyu.

"Mamman, jeho ta in ji nauyinta."

Har yau ban san ko tsoron hedimasta ba ne ko girman kai. Na ƙara matse ta, na ce, "Wagga tamu ta. Ku tahi Faransi su ba ku taku."

Ya ci gaba da dariya, yana zaton wasa nake. Da ya dubi fuskata sai ya sauke hannuwansa. Bai zage ni ba. Ya sunkuya ya ɗauki tsohuwar tamaular tsumman, yaran rugar su bakwai suka bi bayansa. Mu da muka rage ba mu kai a raba biyu ba. Kafin a gama girbin dawa ƙwallon ta fashe, ba wanda ya iya gyara ta, ta ƙare a saman kabad ɗin ofis. Wasan Juma'a bai sake tashi ba.

Bayan shekaru masu yawa na gan shi a kasuwar Lolo yana riƙe da igiyar bijimi, gemunsa ya yi furfura. Na kira sunansa. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce mini Alhaji, ya tambayi iyali, kamar yadda ake yi wa mutumin da aka haɗu da shi a mota. Da damina ta zagayo aka ce mini ya rasu.

Yanzu jikokina suna cika gidan kallo, suna rigima kan 'yan wasan ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, kuma ba wanda ke tambayar wani daga ina ya fito. Ina jin ihunsu daga zaure. Ni kuwa ban taɓa ba Sambo haƙuri ba.